Maman Lawali, Wanda Ya Ƙi Mayar da Na'ibi Gida

Allah ne ya ba mu shi, kuma Shi ya karɓi abinsa. Ranar Talata, 13 ga Rabi'ul Awwal 1430, bayan Azahar, Salamatou ta bugo mini waya daga unguwar Mahjar cewa mijinta, abokina Maman Lawali, ya cika. Kafin Magariba mun kai shi makwancinsa a nan Jidda, garin da ya yi shekaru yana rigima a kansa.

Maman, masu zaman makoki sun faɗi alherinka. Baƙon da kafili, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya yaudara, gidanka yake kwana har ya samu iƙama, takardar izinin zama. Tuwon Juma'a na gidanka bai taɓa tambayar mutum asalinsa ba. Ni rigimarka zan faɗa, don ita ce gadon da ka bari.

Ta faro ne a tashar jiragen ruwa, inda kake aikin sito. Wani jirgi ya lalace, ya daɗe a tsaye, a cikin ma'aikatansa akwai baƙin mutum ɗan Jamhuriyar Dominika, can tsibiran Amurka. Ka sa masa suna Kawu, wai ya yi kama da ƙanin mahaifiyarka na Damagaram. Kullum ka kai masa tsire, kuna hira da Faransancinka na firamare da nasa na jirgi. Shi ya faɗa maka ya daina karanta labaran da ake rubutawa a kan ƙasarsu. Waɗanda ya gani duk ganga ce da bakin teku da saurayi mai neman hanyar ficewa. Ba wanda ya rubuta mahaifiyarsa, wadda ke dafa shinkafa da wake a gidan da aka haife ta, kuma ba ta da niyyar zuwa ko'ina.

Ka zo ɗakina a unguwar Bani Malik, ka dubi littattafan da nake taƙama da su, ka tambaye ni a wanne aka rubuta mu. Na duba. Takari a littafi iri biyu ne: wanda aka kama aka jefa a jirgi, da wanda ya koma da haƙorin Makka yana murmushi da gefen baki don a gani.

Sai ka zauna ka rubuta labarin Na'ibi, mai tsire a Mahjar. Kakansa ya zo hajji a ƙafa, shi kuwa a nan aka yanke cibiyarsa. Yana zagin yaransa da Hausa, yana lallashinsu da Larabci, ya tsufa a bakin gawayi, ya mutu, an binne shi a Jidda. Na gaya maka babi na uku ya yi tsawo, ka yi mako ba ka gaishe ni ba. Har yanzu ya yi tsawo.

Wani mai buga littattafai a Kano ya so labarin, da sharaɗi guda: Na'ibi ya sa haƙori ya koma gida, don haka masu karatu suka saba. Ka ce masa: "Wane gida? Mutumin da bai taɓa ganin Damagaram ba, a wace tasha zan sauke shi?" Shekaru ya yi yana dawowa da sharaɗin, kana dawo masa da amsar. Littafin bai fita ba.

Ranar sadakar uku mai buga littattafan ya bugo ta'aziyya. Bai gama addu'a ba ya shaida wa 'yarka Mastura cewa yanzu gyaran babin ƙarshe ba zai yi wuya ba. Kai ka san Hausar Mastura, ji take fiye da faɗa. Amma ta tattaro wadda take da ita, ta ce: "Alhaji, babana yana nan a ƙasar Jidda. Na'ibi ma haka. Halas."

To, ga shi a rubuce. Za mu buga littafin da kanmu, mu 'yan Mahjar da Bani Malik, ba za a taɓa ko babi na uku ba.

Allah ya jiƙanka, Maman, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba Salamatou da Mastura da sauran dangi na nan da na Damagaram haƙurin rashinka. Ka kwanta inda ka ce nan ne gida.