Tsagar da ke Silin Motar Malam Idi

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin kushin a Gumel, akwai wata Laraba da har gobe ba ta fita daga raina ba, ranar da na sa reza na tsaga aikin da ya fi kowanne kyau a hannuna. Ku da muke gareji ɗaya kuna yawan yi mini dariya in kun ga ina jujjuya tsohon tsumma kafin in yar. To ga dalilin.

Bara waccan ne, bayan ƙaramar Sallah, Alhaji Nasiru mai sayar da hatsi ya sa aka jawo mana wata tsohuwar mota daga Gagarawa, ƙirar Faransa, mai rufin ƙarfe, irin wadda yanzu sai a hoto. Ta mahaifinsa ce, Malam Idi Direba, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa yana jigilar 'yan kasuwa daga Gumel zuwa Maigatari har cikin Damagaram. Tun da idonsa ya rufe ya daina fita, ko masallacin ƙofar gida sai da lallashi. Alhaji ya kawo masa motoci masu sanyi, ya ƙi shiga, ya ce in ba motarsa ba babu inda za shi. Shi ne Alhaji ya ƙudura a tayar da ita, ya kai tsohon kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya ji muryar abokansa tun ana tare.

Ga wanda bai san gareji ba, aikin bi da bi ne. Makanike ya fara, mai gyaran jiki ya buga, mai fenti ya fesa, sannan a kira mai kushin, wato ni. Mu ne na ƙarshe, shi ya sa in mota ta makara mu ake zagi. Karatuna aji biyu ne, shi ma rabinsa ta taga na yi shi, amma silin mota na san shi.

Silin irin waɗannan motoci ba kwali guda ba ne kamar na yanzu. Yadi ne a rataye jikin sandunan ƙarfe masu lanƙwasa, kowace da gurbinta. Ka musanya biyu, silin ya yi tumbi. Don haka kafin in zare su sai da na ɗiga wa kowace fenti, ta farko ɗigo ɗaya, ta biyu ɗigo biyu, domin lambobina ni kaina ba kullum nake gane su ba.

Da na zo sauke tsohon yadin, sai na ga wata tsaga sama da ƙofar direba, kamar faɗin tafin hannu, bakinta ya yi baƙi ƙirin da maiƙo. Na zura yatsa, sai ga guntayen asuwaki da busasshen goro. Na fito ina nuna wa mutane, ina cewa su zo su ga ɓerayen Gagarawa, har goge baki suke yi bayan sun ci goro. Aka yi ta dariya, na ji daɗin kaina, na jefa yadin a bola.

Daga nan na duƙufa. Na cire gilashin gaba da na baya, na kankare tsatsa, na manna soso a rufin saboda zafi. Na yanka farar leda mai ƙananan huji, na ɗinka mata gidajen da sanduna za su shiga, na shanya ta a rana ta yi laushi. Daga baya ake farawa, a ja daga tsakiya zuwa gefe, a shafa gam, a bari ya sha iska, sannan a danne a mayar da robar gefe. Warin gam ɗin ya hau mini kai, har aka ce an ji ina ce wa tayar mota ina wuni. Amma da na gama, silin ya miƙe kamar fatar kalangu, babu yamutsa ko ɗaya. Duk wanda ya gifta sai na kira shi ya leƙa.

Ranar Laraba da hantsi Alhaji ya kawo tsohon, yana riƙe da hannunsa. Malam Idi ya shafa ƙofa, ya murɗa mariƙinta, ya ce a zaunar da shi a kujerar direba. Ya riƙe sitiyari, fuskarsa ta fara saki. Sai hannunsa na hagu ya tashi da kansa ya nufi sama da ƙofa. Ya shafa wurin, ya sake shafawa. Hannun ya sauko a hankali, ya lalubi sandarsa.

"Nasiru, mai da ni gida. Kun sayo wata kun yi mata fenti."

Alhaji ya yi ta rantsuwa, tsohon bai saurare shi ba. Malam Idi ya ce a motarsa akwai inda yake ajiye asuwakinsa, da wuƙarsa ya yanka wurin ranar da ya saye ta, kuma nan yake zaro goron da yake miƙa wa jandarma a kan iyaka. Na ga idon Alhaji ya kawo ruwa. Waɗanda suka taya ni dariya kuwa duk suka zuba mini ido.

Na matsa na durƙusa, na ce, "Baba Malam, motarka ce. Ni na toshe wurin, na ɗauka ɓarnar ɓera ce."

Ya tambaya wane ne wannan, aka ce masa telan mota ne.

"Tela, ka ɗinke mini aljihu, ka kuma kira ni ɓera?"

Na ce ai ɓeran mai tsafta ne, tunda yana goge baki. Bai yi dariya ba, amma ya saki sandar. Na roƙe shi ya ɗora yatsa daidai inda tsagar take. Bai yi lalube ba, ya ɗora.

Na ɗauko reza. Leda in tana a miƙe haka, ka yanka ta da ganganci sai ta yage har baya, don haka na fara ɗinke iyakar nan da ta can da allurar hannu, sannan na ja rezar a tsakani. Mai fenti ya kau da kai. Ni ma da zan iya da na kau da nawa. Na naɗe bakin, na manna ɗan aljihu ta ciki don kada abu ya zarce.

Malam Idi ya zaro asuwaki daga aljihun rigarsa, ya zura, ya zare, ya sake zurawa. Ya ce ta yi tsafta da yawa, amma za ta yi baƙi.

Washegari ya ce sai an tafi da tela. Na zauna a baya, shi yana gaba, Alhaji na tuƙi. Muna dab da Maigatari, an fara jin kukan dabbobin kasuwa, sai ya gyara hularsa ya ce, "Nasiru, miƙo mini asuwakina." Alhaji ya ɗaga hannun hagu, ya zura yatsa a tsagar, ya zaro ya ba shi.

Mu masu kushin sabo muke so, mai mota kuwa wani lokaci abin da hannunsa ya saba yake nema. Tun daga ranar, duk yagar da na gani a tsohuwar mota sai na tambayi wanda ya yi ta. Har yanzu yawancinsu ɓeraye ne. Amma ina tambaya.