Garin da Baba Ya Bayar

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, ina tsoron kada maganar ta zama cin naman wani. Amma abin da ya faru a kasuwar Gadarif ranar nan ba zai bar zuciyata ba har in koma ga Allah.

Shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu na bakin iyaka, wajen Fashaga, muka komo Gadarif, mahaifina ya daina magana. Jabana, wato gahawarmu ta nan, kawai yake sha, ya zuba wa bango ido. Kullum ina cikin fargaba. Da na ji wani mai wasan kacici-kacici ya zo gari, sai na lallaɓa shi muka je, ko zai yi dariya.

Mutumin gwani ne. Ya zana da'ira a ƙasa, yana jawo 'yan kallo ciki ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kasa amsa zai ba shi gari, kamar yadda muke yi tun muna yara. Shi kuma ya zana garin da sanda, ya shiga ya "cinye" shi, yana kwaikwayon mutanensa. Wani ya ba shi garin Mafaza na makiyaya, ya yi tafiyar masu shanu har Baba ya murmusa. Na ce alhamdulillahi.

Sai ya kamo hannun Baba.

Ya ce, "Yalla ya Hajj, bismilla Alhaji! Kore ya shiga wuta, ya fito baƙi, manya na zaune suna jiransa."

Amsar bunni ce, 'ya'yan gahawar da ake soyawa a yi jabanar da Baba yake sha kullum. Amma Baba ya yi shiru.

"Kalas, shi ke nan, tsoho ya faɗi! Ba ni gari!"

Kowa yakan ba da garin wasu. Baba kuwa ya faɗi sunan ƙauyenmu.

Mai wasan bai san ƙauyen ba. Ya zana, ya yi tsalle ciki. "Na shigo! Na kwashe riɗinsu, na kora awakinsu, rumbuna na sa musu wuta! Ina mai gari? Ya tsere ba takalmi!" Ya share zanen da ƙafa. Kasuwa ta kaure da dariya.

Baba ya dubi wurin da aka share, ya ce, "An riga ka, ɗana."

Bayan kwanaki ya ce min, "Da bakina na bayar, zan je in karɓo." Na roƙe shi, na kama ƙafarsa. Wata safiya na tarar da shimfiɗarsa a naɗe.

Ban ce mai wasan mugu ne ba, Allah na gani. Amma na koyi cewa kafin ka nemi abu a wurin mutum, ko da wasa ne, ka san abin da aka riga aka ƙwace masa.

Shekaru ke nan ba labari. Baba dogo ne, da tabon lauje a hannun hagu. Masu zuwa yankan riɗi Fashaga ko Basunda, don Allah wanda ya gan shi, ko ya ga kabarinsa, ya faɗa min.