Furen Dakta da na binne wa saiwa

Shekarun baya, wata ranar Talata da ƙarfe tara da minti ashirin na safe, na zuba wa furen shugabata ƙasa. Na san lokacin daidai ne saboda ni da kaina na rubuta shi a littafina, har na ja masa layi, ina jin na yi abin kirki.

A lokacin ina ɗalibar aikin gona, makaranta ta turo ni wata shida in koyi aiki a wata tashar binciken noma da ke yankinmu. Shekarar dubu biyu da shida ce, ana tsakiyar zafin Afrilu. Wadda aka haɗa ni da ita mai binciken cututtukan tumatir ce, kowa Dakta yake ce mata. Ba ta da faɗa, amma ba ta maimaita magana. Sai ta sa hannu a ƙarshen littafin aikina makaranta za ta karɓi wata shidan nan. Idan ba ta sa ba, maimaita shekara zan yi.

A ofishinta, nesa da taga, akwai wani fure da ta zo da shi daga ƙasar da ta yi karatu, okid sunansa. Ganye shida gare shi, masu kauri da faɗi kamar harshen saniya. Shekararsa tara a hannunta. Da za ta tafi taro na mako uku, ta miƙo min makulli ta ce, "Ki duba min shi. Ɗan ruwa kawai."

Tambayoyi sun zo min har bakina. Ruwa nawa? Sau nawa? Na haɗiye su na ce, "To, Dakta."

Ni 'yar manomin rani ce daga Bunkure. Na tashi ina ganin mahaifina yana fasa bakin kanal, ruwa ya bi kwami ya cika shi taf. A gonarmu, a ga saiwar shuka a waje abin kunya ne ga mai gonar. To da na leƙa tukunyar furen nan, sai na ga babu ƙasa ko ƙwaya, ɓawon itace ne kawai da gawayi. Saiwoyin kuma, masu kauri masu launin toka, sun fito suna reto a iska. Na zuba ruwa, ya zarce ta ƙasa ko tsayawa bai yi ba. Tausayinsa ya kama ni. Allah ya yafe min, har na raya a zuciyata cewa Dakta ta san littafi amma ba ta san noma ba.

Shi ya sa ranar Talatar nan na zo da baƙar laka daga gefen kanal, na gauraya da takin shanun maƙwabtanmu Fulani, na cika tukunyar, na danna da yatsa. Na matsar da ita bakin taga don ta sha rana. Ruwa kuwa safe da yamma, kamar yadda ake wa dashe.

A kwana na biyar na ga tabo na farko a ganyen ƙasa. Baƙi ne, mai laushi, da zoben rawaya a kewaye. Na auna shi da rula, na zana shi, na rubuta kwanan wata. Washegari ya ninka. Sai kuma wani iri ya fito a ganyen sama, shi fari ne, busasshe kamar takarda. Tabo iri biyu a shuka ɗaya! Na shiga ɗakin karatun tashar na ɗauko littattafan cututtukan shuka huɗu, na bi su shafi shafi. Duk hoton da na gani sai in ce shi ne, in buɗe na gaba in ce a'a, wannan ne. Akwai manyan ma'aikata a ofishin kusa. Sau biyu ina zuwa ƙofarsu, in ji muryoyinsu, in juyo.

A kwana na tara na buɗe ofis na tarar da ganye a kan tebur. Bai ko gama yin rawaya ba, daga gindi ya cire. Na naɗe shi a hankici na tafi da shi gida.

Na sami mahaifina a tsakar gida yana gyaran injin feshi. Ya juya ganyen gaba da baya, ya shinshina.

"Malama, ke da kike karantar abin, ni za ki tambaya?"

"Baba, don Allah ka duba."

Mahaifiyata ta leƙo daga madafa. "Wai ana miya da shi ne?"

"Ba a yi, Inna."

"Yana 'ya'ya?"

"Fure kawai."

"To shi ne kika ƙi cin tuwo jiya? Allah ya kyauta."

Mahaifina ya ce wannan baƙin ya yi kama da ciwon da ke kama tumatir idan damshi ya yi yawa. Ya zuba min magani a 'yar kwalba, ya ce in sirka da ruwa. Ban faɗa masa na zuba ƙasa ba. Ba ɓoyewa na yi ba, ban taɓa kawowa a raina cewa ƙasa za ta cuci shuka ba.

Na yi feshi. Ganye na biyu ya faɗi. Sai na ga sauran sun fara yamushewa kamar masu jin ƙishirwa, na ƙara ruwa. Na uku ya faɗi, na huɗu ya bi shi. Duk safiya idan na sa makulli a ƙofa, sai na tsaya na yi addu'a kafin na tura.

Saura kwana biyu Dakta ta dawo, ƙawata da muka zo koyon aiki tare ta same ni zaune ina kallon ganye biyun da suka rage. Ta ɗauki littafina ta karanta, ta dafe kai.

"Ke dai kin cika abin haushi, wallahi. Mutum ya yi ɓarna kuma ya rubuta har da minti? Yage shafin nan. Ki kwashe ƙasar sama, ki ce wuta aka ɗauke, zafi ya kama shi."

"In ta gane fa?"

"In ba ta gane ba fa? So kike mu gama mu bar ki?"

Bayan ta fita na kama shafin da yatsu biyu. Na daɗe a haka. Zan so in ce muku tsoron Allah ne kawai ya hana ni, amma gaskiya har da wani abu: tun ranar farko na bi shafukan littafin nan na sa musu lamba da biro, kuma Dakta mace ce da za ta lura babu shafi na arba'in da ɗaya.

Ranar Litinin Dakta ta shigo da sallama, na amsa. Ta ajiye jaka. Idonta ya tafi inda furen ya saba zama, ya dawo bakin taga. Na miƙa mata littafin a buɗe, da ganyaye huɗun da na adana a ambulan, kowanne da ranar da ya faɗi. A tsaye ta karanta, shafi bayan shafi. Fanka na juyawa amma gumi har cikin hijabina.

Ta shimfiɗa tsohuwar jarida, ta kifar da tukunyar. Wani wari ya tashi irin na ruwan da ya kwana biyu a lambatu. Ta riƙa zare lakar a hankali. Saiwoyin sun koma ruwan ƙasa, tana matsawa ruwa na fita, fatarsu na saluɓewa sai ɗan zare a ciki. Da almakashi ta bi su tana yankewa. Can kusa da gindi ta tsaya a kan wata guda ɗaya, gajera, mai ɗan kore a baki. Ta ja dogon numfashi.

"Sauran watanninki biyu ke za ki yi jinyarsa, a gabana," in ji ta. "Maganar littafinki sai mun ga yadda ya yi."

Furen bai mutu ba. Muka mayar da shi cikin ɓawo da gawayi, nesa da taga, ruwa sau ɗaya a mako. A mako na bakwai wani ɗan ganye kamar farce ya leƙo daga tsakiya, kuma a makon da zan tafi ta sa min hannu. Yanzu ni ma ina koyarwa, kuma idan na ba ɗalibi aiki ya ce min "to" da sauri, gabana faɗuwa yake yi. Sai na zaunar da shi ya faɗa min yadda zai yi. Na san abin da ke ƙarƙashin irin wannan "to" ɗin.

Amma a ranar, ina tsaye a kan jaridar nan, abu ɗaya ne ke cin raina, har ya fi ƙarfin kunyata. Na ce, "Dakta, don Allah wace cuta ce? Littafi huɗu na duba ban same ta ba."

Ta ɗaga ganye ɗaya ta nuna min. "Wannan farin, rana ce ta ƙone shi. Baƙin kuma ruɓa ce da ta taso daga ƙasa. Yamushewar da kika gani ƙishirwa ce ta gaske, don babu saiwar da za ta sha ruwan da kike ta zubawa. Shi a jikin bishiya yake rayuwa, saiwarsa iska take so." Ta goge hannunta, ta dube ni a karon farko tun shigowarta. "Ba za ki same ta a littafi ba, 'yata. Duk abin da tumatir yake so kin yi masa, ba ki rage komai ba. Shi kuwa ba tumatir ba ne."