'Yar Ruwan Unguwar Kanawa

Wata Alhamis ce a daminar tamanin da bakwai, bayan la'asar. Ruwa ya ɗauke ya bar kududdufi a filin gaban gidanmu a Unguwar Kanawa. Na sauke tulu ke nan na hango ƙanwata Jummai a bakin zaure, ta naɗe shanyayyun ƙafafunta cikin zane, tana kallon yara suna rabon wasan samudawa. Cutar shan-inna ta kama ta tun tana goye. Da hannu take tafiya, silifa a tafukanta.

Wasan kuwa tarar da shi muka yi. Ana ajiye ƙwallon mangwaro a tsakiyar fili, kowane ɓangare na neman kai shi gida, kuma kowa sai ya zaɓi irinsa. Iri uku ne kacal. Dogaye su ne samudawa, suna ɗaukar mutum cak su fitar da shi, amma ba a yarda su yi gudu ba, sai taku. Ƙanana wadanni ne, masu bi ta tsakanin ƙafafu. Masu gudu kuma aljanu, a shafa musu toka a goshi, amma da an yi musu bisimilla sai su daskare. 'Ya'yan ma'aikata masu talabijin sun sha kawo sababbi, har da mutumin ƙarfe, sai dai ba sa kwana biyu, don babu jikin yaron da suka dace da shi.

Ranar nan Jummai ta ja jiki har bakin filin. Bala ɗan akawu, shugaban wasan, ya ce, "Ke kuma wane iri? Koma, kar a take ki a ce mu ne." Yara suka kwashe da dariya. Ba ta yi kuka ba, juyawa kawai ta yi, wannan ne ya ƙona min rai. Ni ba a sa ni boko ba, amma ba yaron da bai san hannuna ba a layin nan. Na taka ƙwallon na ce yau ba wasa sai da Jummai. "Yaya Asabe, to ai babu irinta," in ji Bala. Na ce akwai. Kakarmu ta sha tsorata mu da 'yan ruwa, masu jan mutum ta idon sawu in ya je wanki bakin kogi. Na kafa doka nan take: 'yar ruwa ba ta tsayuwa, kududdufi gidanta, wanda ta damƙe ya fita.

Bala ya yarda ne don ya sami abin dariya. Shi ta fara damƙa. Hannun da ya shekara bakwai yana ɗaukar gangar jiki ba abin wasa ba ne, sai ga shi rub da ciki a taɓo, da farar rigarsa ta makaranta. Inna ta zane ni saboda zanen Jummai da ya ɓaci, ko a jikina. Kafin damina ta wuce, har dambe ake yi a kan ɓangaren da zai sami Jummai, ita kuma tana zaune tana zaɓe kamar mai sayen atamfa.

Ba ta yi tsawon rai ba, zazzaɓi ya ɗauke ta ina amarya. Bayan shekaru na je barka Rafin Guza, na ga yara lafiyayyu suna jan ciki a ƙasa. Na daka musu tsawa. "Gwaggo, 'yan ruwa ne mu, haka ake yi," in ji wata. Na tambaye su wa ya fara. Ba wanda ya sani.

Yanzu filin nan duk shaguna ne. Jikana a waya yake wasansa, yana zaɓe tsakanin ƙato da wada da wani mai dogon kunne. Na karɓe wayar na ce me ya sa kullum su ne? Ya ce, "Haka suka zo, Kaka." Na miƙa masa abarsa, ban yi faɗa ba. Ni dai na san ba irin da ke zuwa haka kawai. Wani aka yi wa gurbi, aka manta sunansa.