Mutanen Da Na Gani Kwance Cikin Dawa

Ban taɓa mantawa da ranar da aka tura mu wani ƙauye a yankin Faru feshin tsutsa a gonakin dawa ba, daminata ta biyu ina tuƙa jirgin feshi marar matuƙi. Ku sababbin shiga, ku saurara da kyau.

Ƙa'idar aikin, sai an aika wa mai gari kwana ɗaya kafin a zo, a yi shela. Ranar kuma jirgi ya fara zagayen awo da kyamara, sannan a danna feshi, ya bi kunya-kunya da kansa. To, Malam Lawali, shugaban ayarinmu, ya ce tsutsa ba ta jiran shela. Ni ma don son mu gama da wuri na biye masa.

Mun isa da hantsi. Ina tayar da jirgin, sai dakan da muke jiyowa daga ƙauyen ya tsaya cak. Ko kukan akuya babu.

"Danna mu tafi, kafin iska ta taso," in ji Malam Lawali.

Yatsana na kan maɓallin, na sake duba allon. Can tsakiyar dawar, wadda ta fi mutum tsawo, na ga wasu abubuwa a jere cikin kwarin kunya, kamar gawarwaki ana jiran salla. Babu mai motsi.

"Malam, mutane ne!"

"Buhunan taki ne, kai dai."

Na sauko da jirgin ƙasa-ƙasa. Ɗaya daga cikin buhunan ya ɗago kai ya dube ni ta cikin kyamarar.

Muka kutsa gonar da gudu muna sallama. Mata ne da tsofaffi, rub da ciki. Wata dattijuwa ta toshe bakin jikarta da tafin hannu har yarinyar ta fara shiɗewa.

"Inna, lafiya?"

"Ɗan nan, da munka ji ƙugin, sai munka aza jirgin 'yan bindiga na, masu leƙen gari kahin su kawo hari. Nan muka ɓuya kullum."

Tankin cike yake da maganin da ko mu sai da takunkumi muke taɓa shi. Malam Lawali ya zauna daɓas a kan kunya.

Tun ranar ba na tayar da jirgi sai an yi shela a masallaci, kuma na taka gonar da ƙafata. A yankin nan, in gari ya yi tsit, mutanensa suna cikin dawa.