Awon Inji Da Sanyin Safiya

Mai Agogo ake ce masa, ko da yake bai taɓa ɗaura agogo a hannu ba. Nasa agogon na awon matsin inji ne: a cire filogi, a ɗaura shi a ramin, a murza makulli, allura ta nuna ƙarfin da ya rage wa silinda. A garejin mahaifinsu ya tashi, a ƙarƙashin yayansa, mutumin da idan ya faɗi magana ko ƙarfe bai isa ya musa ba.

Wata safiya, bayan Mai Agogo ya yi mako guda yana haɗa injin wata mota, Yaya ya ɗauki agogon ya ɗaura wa injin tun ba a tayar da shi ba. Allura ta tsaya ƙasa. A gaban mai motar da duk makanikan layin ya ce, "Ga shi nan, agogonka da kansa ya ce ka kashe inji."

"Yaya, ai da sanyi ka auna. Sai ya ɗau zafi ringin fistan ke kama jikin silinda."

"Ni za ka koya wa aiki? Kwashe tarkacenka."

Ya kwashe, har da agogon. Bai yi nisa ba, tsallaken titi kawai ya koma ya kafa rumfar kwano. Dariyar da makanikan suka yi masa a ranar ta tsaya masa a rai, kuma bai taɓa ƙoƙarin cire ta ba.

Yaya ya sayi nasa agogon. Kullum da sassafe Mai Agogo yana hango shi yana auna injuna da sanyinsu, yana yanke musu hukuncin a sauke su daga mota a kwance su. Shekara goma sha ɗaya yana kallo, yana shan shayinsa, ko tari bai yi ba. Matarsa ta sha cewa, "Haba, ɗan'uwanka ne fa, ka faɗa masa mana." Sai ya ce, "Na faɗa masa sau ɗaya."

Ranar da yake jira ta zo. Wani mai bas-bas guda tara, wanda cinikinsa ne ke riƙe da garejin Yaya, ya gaji da sauke inji duk wata. Ya sa aka turo masa bas ɗaya tsallaken titi, wadda Yaya ya ce ta gama yawo.

Mai Agogo bai taɓa ta ba sai da mutanen layin suka taru. Ya auna da sanyi, allura ta kwanta. Ya tayar da ita, ya harɗe hannu har allurar zafi ta kai tsakiya, sannan ya kashe ya sake aunawa. Silinda huɗu, duk lafiya lau. Filogi biyu ne kawai suka mutu.

Ya juya ga mai bas ɗin ya ce, "Inji nawa aka sauke maka, ranka ya daɗe?"

"Bakwai."

Mai Agogo ya ɗaga ido ya ga Yaya a bayan mutane, hannunsa da baƙin mai. Cikin ladabi ya ce, "Yaya, matso ka duba, kada a ce ni na koya wa agogon ƙarya."

Yaya bai matso ba. Kafin la'asar bas takwas sun tsallako titi.

Yanzu garejin mahaifinsu da kwaɗo a ƙofa. Matar Mai Agogo ta tambaye shi ko hankalinsa ya kwanta. Ya ce ya kwanta ƙwarai. Amma kujerarsa da ta shekara goma sha ɗaya tana fuskantar titi, ya juya ta tana kallon bango.