Taku Goma a Jar Motar Kawu

Ranar da Kawu, ƙanin Mama, ya shigo Narayi da jar motarsa, har kajin layinmu sai da suka bar tono suka tsaya kallo. Kujera biyu gare ta, a manne take da ƙasa kamar ƙadangare, in ya taka ta kuwa kwanon rufin kowane gida sai ya amsa. Kafin la'asar labari ya gama unguwa. Mai kemis ya ce irinta 'yan ƙwallon Turai ke hawa. Mai ƙosai ta ce in ka hau ta, kafin ka gama hamma ka isa Abuja. Wasu suka ce Kawu ya shiga ƙungiyar asiri.

Mu 'yan gida mun san gaskiya. Kawu makaniki ne. A Legas ya samo ta bayan ta yi hatsari, ya shekara biyu yana lallaɓa ta kamar jinjiri. Ba ta shan man 'yan bumburutu, ba ta da wurin sa kaya. Da Mama ta aike shi ƙauyen Kakau ɗauko buhun masara, a Keke ya kawo shi. Wurin aiki ma acaɓa yake hawa, ita tana gida cikin tamfol.

Ni kuwa ba haka na faɗa a makaranta ba. Ina aji huɗu a sakandare, an kuma riga an san ni da yi wa zance gishiri. Na ce a motar ake kai ni ko sayen magi. Wata yarinya da ke zama bayana, wadda ko gaisuwata sai ta bincika, ta ce, "Ke da kika ce kakarki ta kama kada da hannu? Ki zo a cikinta ranar Juma'a. In ba mu gan ki a ciki da idonmu ba, ba ki ƙara ba da labari a ajin nan har mu gama."

Duk aji suka ce sun yarda. Ni a rufe mini baki shekara biyu? Gara a hana ni abinci.

Kwana uku ina bin Kawu da magiya. A na ukun ya ce, "Ke, kin san tudu nawa ne daga nan zuwa makarantarku?"

"Kawu, minti goma ne fa a ƙafa."

"A ƙafa, e."

A unguwarmu duk wanda ɗan acaɓa ya taɓa firgita masa yaro, siminti yake saya ya gina tudun rage gudu a ƙofar gidansa, ba ya tambayar kowa. Kowa kuma so yake nasa ya fi na maƙwabci tsayi. Na wani Alhaji sai ka rantse raƙumi aka binne a wurin.

Ranar Juma'a aka wayi gari da ruwa. Muka fito da katako biyu a kan cinyata, rabinsu a waje ta taga. A tudun farko Kawu ya tsaya.

"Sauka."

"Kawu, yanzu fa na zauna!"

"Nauyinki na danne ta. Sauka ki jera mini katakon."

Na jera. Ya hau a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, kansa a waje, yana addu'ar da ban taɓa jin ya yi a coci ba. Na kwashe katako, sai ga tudu na biyu yana kallonmu, shiga ma ba amfani. Haka na ɗora su a ka ina gaba, mota na bina a baya kamar saniyar da za a kai kasuwa. Wata tsohuwa mai sanda ta wuce mu, ta tsaya ta gaisa da mutane, ta sake wuce mu. Wani mai Keke ya leƙo ya ce, "Oga, in kawo igiya?" Duk da haka samari na ɗaukar hoto da waya, wani yana cewa, "Kai, masu kuɗi na shan daɗi!" Kawu kuwa gumi har cikin kunne.

Muna tudu na bakwai aka kaɗa ƙararrawa. Da muka shawo kwana, duk makaranta na kan layi, shingen kuma na waya ne. Rurin injin ya haɗiye jawabin shugabar makaranta, kowa ya waiwayo. Suka ga mota. Suka gan ni a gabanta da katako a ka, taɓo har gwiwa.

Tudun ƙarshe taku goma ne daga get. Muna haye shi na ji muryar yarinyar nan daga shinge: "Ashe yaron mota ce!" Dariya ta tashi. Na watsar da katakon, na buɗe ƙofa na faɗa ciki.

"Kawu, kai ni get."

"Ga get nan, miƙa hannu ki taɓa shi."

"Don Allah Kawu. In ba su gan ni a ciki ba, na mutu."

Ya dubi shingen, ya dubi taɓon da na shafa masa a kafet, ya rufe ido kamar mai ciwon haƙori. Sai ya cire baƙin gilashinsa ya manna mini a fuska. Ya taka mai sau uku har tantabaru suka bar rufin ofis, ya gangara taku goman nan a hankali, ya zagayo ya buɗe mini ƙofa.

"Ranki ya daɗe, Hajiya, an iso."

Kujerar a ƙasa take, don haka da rarrafe na fito. Malamin horo na tsaye a kaina. Ya ce, "Madalla. Tunda kin riga kin durƙusa, zauna a haka. Kin makara."

Sai da aka gama darasin farko ya sake ni. Kawu ma, na ji daga baya, sai azahar ya isa gida. Ina shiga aji yarinyar ta ce, "Taku goma ne kacal, mun ƙirga."

Na ce, "A ciki ko a waje?"

Ta murguɗa baki. 'Yan aji suka ce ta amsa mana.

"A ciki."

Na ja benci na zauna a tsakiyarsu, na ce, "To ku matso, in faɗa muku yadda muka yi tsere da jirgin ƙasa."